Taurarin Ƙwallo Da Baitulmalin Sifaniya: Wa Ya Cuci Wa?

Hausawa kan ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sai dai idan wanda ake tuhuma shi ne gwarzon da miliyoyin jama'a ke yi wa tafi duk ƙarshen mako, mai kayan kuma hukumar haraji ce wadda babu mai ƙaunar ganin wasiƙarta, to a nan alƙalancin mutane kan karkace. Abin da ya faru ke nan a ƙasar Sifaniya tun daga shekarar 2013, lokacin da masu gabatar da ƙara suka fara gurfanar da manyan 'yan ƙwallon ƙafa ɗaya bayan ɗaya bisa zargin zambar haraji.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya fahimci cewa rigimar ba a kan albashi take ba, domin shi albashi kulob ne ke cire harajinsa tun kafin ya shiga hannun ɗan wasa. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin talla, wato abin da kamfanonin takalma da na lemo da na waya ke biyan ɗan wasa don su yi amfani da sunansa da hotonsa. Dabarar da aka riƙa yi ita ce, ɗan wasa ya sayar da haƙƙin hotonsa ga wani kamfani da aka yi wa rajista a ƙasar da harajinta bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa kamfanin ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, suna ne kawai a takarda. Kuɗin talla su zarce can, ɗan wasa kuma ya nuna wa hukumar ƙasar da yake zaune cewa bai samu komai ba.

Da wannan aka tuhumi Lionel Messi da mahaifinsa Jorge. An zarge su da hana baitulmali Yuro miliyan 4.1 tsakanin 2007 da 2009, ta hanyar kamfanoni a ƙasashen Belize da Uruguay. Messi ya shaida wa kotu cewa shi ƙwallo kawai ya sa a gaba, takardu kuwa yakan sa hannu ne saboda ya amince da mahaifinsa da lauyoyinsa. Kotun Barcelona ba ta karɓi wannan hanzari ba, inda a watan Yulin 2016 ta yanke wa kowannensu ɗaurin wata 21. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin ɗan a 2017, ta rage na uban zuwa wata 15, daga bisani aka musanya ɗaurin Messi da tarar Yuro 252,000.

Shi ma babban abokin hamayyarsa, Cristiano Ronaldo, bai tsira ba. A 2017 aka tuhume shi da ɓoye harajin Yuro miliyan 14.7 na shekarun 2011 zuwa 2014. Da farko ya musanta, amma a watan Janairun 2019 ya bayyana a gaban kotu a Madrid, ya amince da biyan kusan Yuro miliyan 19, tare da ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 23. Javier Mascherano ya sami ɗaurin shekara ɗaya a 2016. Samuel Eto'o na Kamaru, wanda matasanmu suka daɗe suna alfahari da shi, ya amsa laifi a 2022 a kan kusan Yuro miliyan 3.9, aka yanke masa wata 22. Masu horarwa ma ba a bar su a baya ba, domin an yanke wa José Mourinho shekara ɗaya a 2019, Carlo Ancelotti kuma shekara ɗaya a 2025. Duk cikinsu babu wanda ya kwana a gidan yari, saboda a tsarin shari'ar Sifaniya akan jingine ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba ga wanda bai taɓa yin laifi ba.

A nan ne nake son mu dubi kalmomi, domin rabin shari'ar a kan kalma aka yi ta. Akwai kauce wa haraji, akwai kuma zambar haraji. Na farko shi ne mutum ya bi ƙofar da doka ta bari a buɗe don ya rage abin da zai biya; na biyu kuwa shi ne ya ɓoye gaskiya da gangan. Lauyoyin 'yan wasa sun dage cewa saɓanin fassarar doka ne kawai, masu gabatar da ƙara kuma suka ce kamfanonin na bogi ne, an kafa su don yaudara. Cewa iyakar da ke tsakanin biyun siririya ce, shari'ar Xabi Alonso ta nuna. Shi ya ƙi yin sulhu, ya zaɓi a yi shari'a, aka wanke shi a 2019, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a 2023. Ashe ke nan ba duk wanda aka zarga ne mai laifi ba, kuma ba mamaki a cikin waɗanda suka amsa laifi akwai wanda tsoron kurkuku ne ya sa shi miƙa wuya.

Haka kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ita kanta Sifaniya ce a 2005 ta fito da tsarin da aka yi wa laƙabi da Dokar Beckham, wanda ya ba baƙin ma'aikata damar biyan kashi 24 cikin ɗari, alhali manyan masu albashi 'yan ƙasa na biyan sama da kashi 40. Sai da tattalin arziki ya durƙushe aka ƙuntata tsarin a 2010, sannan aka cire 'yan wasa daga cikinsa a 2015. Italiya ma ta kafa nata tarkon a 2017, inda a wancan lokacin attajirin baƙo kan biya Yuro 100,000 kacal a shekara a kan duk abin da ya samo daga waje, kuma a shekarar da ta biyo baya Ronaldo ya koma Juventus. Ƙasashen da ke gasar jawo masu kuɗi da rangwame su ne kuma ke kukan baitulmali ya bushe.

To amma duk wannan bai wanke kowa ba. A 2013, shekarar da aka fara tuhumar Messi, rashin aikin yi a Sifaniya ya haura kashi 26 cikin ɗari, gwamnati na zabtare kuɗin asibitoci da makarantu. Malamin firamare da direban bas ba su da lauyan da zai buɗe musu kamfani a wani tsibiri. Nasu harajin tun daga tushe ake yanke shi. Su ne kuma ke sayen tikiti da riguna, su ne ke biyan kuɗin tashar talabijin da ake tara wa ɗan wasa albashi. Duk da haka, bayan hukuncin 2016 kulob ɗin Barcelona ya ƙaddamar da gangami yana kiran magoya baya su ce dukansu Leo Messi ne. Talakan da aka rage wa magani a asibiti shi aka nema ya tausaya wa wanda ya hana kuɗin maganin.

Wannan ciwo har gidajen kallonmu ya iso. Ɗan Barcelona ya ce makircin Madrid ne, ɗan Madrid ya yi ta shewa, sai ga shi bayan shekara guda reshe ya juye da mujiya, kowa ya ari bakin ɗan'uwansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ina kuma zaton akwai wani dalili mai zurfi. Kalmar haraji, wadda muka aro daga Larabci, tana ɗauke da ɗacin tarihi a kunnen Bahaushe, tun zamanin da ake bin talaka gida-gida, ake ƙirga wa makiyayi shanu don jangali, har gwamnatocin PRP suka soke su a Kano da Kaduna a 1979. Saboda haka duk wanda ya zille wa haraji mukan ɗauke shi a matsayin mai wayo. Mun manta cewa wancan haraji mai ƙarfi ne ke tatsar mara ƙarfi, wannan kuwa mai ƙarfin ne ya bar wa mara ƙarfi kaya.

Darasin da ke ciki ga matasanmu masu burin taka leda a Turai a fili yake. Duk takardar da ka sa wa hannu ta zama taka, ko da uba ne ya miƙo maka alƙalami, kuma kotu ba ta karɓar cewa ba ka karanta ba. Ga mu 'yan kallo kuwa, iya murza leda baiwa ce da ta cancanci tafi, amma ba ta ɗauke wa mutum haƙƙin al'ummar da yake cin arzikinta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Allah Ya sa mu gane.