Bidiyon Bai Ɓata Ba, Adireshi Ne Ya Sauya

Mai tace bidiyon biki a Toranke da editan Kannywood fargabarsu ɗaya ce: a kwashe aiki zuwa sabuwar ma'ajiya, a buɗe manhajar Premiere Pro, sai ga jan allo maimakon hotunan. Nan take a zargi bairos, alhali galibi ba ruwansa. Fayil ɗin aiki adireshin hotuna yake riƙewa, ba hotunan kansu ba. Ma'ajiyar da Windows ta kira E jiya tana iya zama F yau, sai manhajar ta yi ta sallama a gidan da aka tashi. In aka nuna mata fayil guda, takan lalubo sauran da kanta. Masu cewa dabarar ba kullum take ci ba suna da gaskiya, musamman in an sauya wa fayilolin suna, ko an baro su a katin kyamara har aka goge shi.