CIWON DAJI NA BAKI DA MAƘOGWARO: TSUFA BA YA HANA MAGANI

A garuruwa da ƙauyuka, idan muryar dattijo ta dushe, ko gyambo ya fito masa a harshe ya ƙi warkewa, sau da yawa iyali sukan ce tsufa ne, su bar shi a ɗaki. Alhali kuwa dushewar murya, da wuyar haɗiya, da kulluwa a wuya, in sun wuce sati 3, suna iya zama alamun ciwon daji. Shan taba, da cin ta, da giya, su ne manyan masu jawo shi.

Hanyoyin magani uku ne. Ta farko aikin fiɗa, a cire ƙarin tun yana ƙarami. Ta biyu radiyoterapi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, kwana 5 a kowane sati, har sati 6 ko 7. Ta uku shimiyoterapi, maganin da ake ɗurawa ta jijiya, wanda akan haɗa da hasken domin ƙara masa ƙarfi.

A kan wannan ta uku ne likitoci suke yin hattara da tsofaffi. Maganin da aka fi amfani da shi, Cisplatine, yana wahalar da ƙoda, yana kuma rage ji. Bincike ya nuna amfanin haɗa shi da haske yana raguwa da shekaru, har ya zama kaɗan ga wanda ya haura 70. Saboda haka tsoho da yawa haske kaɗai ake ba shi; mai rauni ƙwarai kuwa a taƙaita masa kwanakin, don a sassauta zafi, ya samu ya ci abinci.

Amma fa likita ba ya yanke shawara da takardar haihuwa. Yakan duba ƙarfin jiki: ko dattijon yana tafiya da ƙafarsa, ko ya rame, ko hankalinsa yana nan, da yawan magungunan da yake sha. Mai shekara 75 da ke zuwa gona yana iya jure abin da mai 60 da ciwon zuciya ba zai jure ba.

A shekarar 2021 aka fara radiyoterapi a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai an fita waje. Mai zuwa daga Maraɗi, Tawa ko Damagaram yana bukatar masauki da ɗan rakiya. Haske yana busar da miyau, yana sa baki ciwo. Don haka a gyara haƙora tun kafin a fara, a tanadi kunu, da madara, da romo, a daina taba.

Abin da ya rataya a wuyan ƴaƴa da jikoki shi ne su kai tsohonsu asibiti da wuri, kuma a saurari ra'ayinsa kafin a zaɓi magani.