Katafilar da ba ta da direba

A ranar 3 ga Yuni 1991, dutsen Unzen mai aman wuta a ƙasar Jafan ya kwararo toka mai zafi da duwatsu, ya hallaka mutum 43. Bayan haka laka da tsakuwa suka cike kogin Mizunashi, kuma dole a kwashe su kafin ruwan sama ya tura su cikin gidajen jama'a. To wa zai hau katafila a gindin dutsen da bai huce ba?

Injiniyoyin Jafan suka sauke direban. Ya koma ɗaki can nesa, gabansa allunan talabijin da ke nuna abin da kyamarorin jikin motar suka hango, hannunsa a kan sandunan sarrafawa, umarninsa na tafiya ta igiyar rediyo. Aikin yana da nawa, domin mai kallon allo ba ya jin rawar ƙasa a jikinsa. Duk da haka dabarar ta yi rana a tashar nukiliyar Fukushima bayan hatsarin 2011, inda irin waɗannan motoci suka kwashe ɓaraguzan da ke fitar da tururin guba.

Sojoji ma sun shigo ciki. Isra'ila tana tura katafilar D9 marar direba wuraren da take tsoron nakiya, kuma ta yi rusau da ita a Gaza.

Yanzu an wuce nan. A aikin gina madatsar ruwan Naruse da ke Jafan, kamfanin Kajima ya ɗora wa motocinsa tsarin aiki ta kwamfuta, suka baje ƙasa suka danne da kansu, ma'aikata kaɗan suna sa ido daga nesa.