Nijar da Benin: mai na wucewa, shinkafa na jira

Bututun da ya taso daga rijiyoyin man Agadem a Nijar ya ɓulle a Seme, bakin tekun Benin, ya kusa kilomita 2,000. Kamfanin CNPC na China ne ya shimfiɗa shi domin fitar da ganga 90,000 a rana. Ko da aka gama aikin, maƙwabtan biyu ba sa ga maciji.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ne mafari. Benin ta bi umarnin ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyaka. Da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Kwatano ta buɗe nata ɓangaren, Yamai ta ƙi, tana zargin maƙwabciyarta da ba sojojin Faransa mafaka. Benin ta musanta.

Daga nan aka shiga ramuwar gayya. A watan Mayun 2024 shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, ya hana loda man Nijar a Seme, sai da China ta sa baki. A Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, Yamai ta toshe bututun. Tsofaffin shugabannin Benin, Soglo da Boni Yayi, suka tafi biko wurin shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Tiani. Kafin ƙarshen Agusta jiragen ruwa sun koma ɗaukar mai.

Saurin wannan sulhu ba abin mamaki ba ne. Nijar ta riga ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC, da mai za ta biya. Benin kuma na cin kuɗin ratse kan kowace ganga. Baitulmali biyu ba su jure wata uku ba.

Gadar Gaya da Malanbil da ke kan iyakar ƙasashen biyu kuwa ba ta samu mai ceto ba a lokacin. Fasinja ya koma kwalekwale, buhu a ka, ana biyan kuɗin fito. Manyan motocin da suka saba ɗauko kaya daga Kwatano suka karkata Lome ta Togo, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, wani lokaci bayan makonni ana jira. Duk wannan wahala a kan kuɗin tiyar shinkafa take sauka, a Dosso da Maraɗi. Tashar Kwatano ma ta yi asarar babban abokin ciniki.

Damuwar tsaro ba ƙarya ba ce, 'yan bindiga sun yi kaka-gida a dajin W da ƙasashen suka haɗa. Sai dai rufe gada bai hana su yawo ba. Ɗan kasuwa mai takarda kawai ya tare.