Ciwon Gaɓɓan da Muke Kira Sanyi

A Suleja, garin da Ladi Kwali ta yi suna da ginin tukwane, hannu shi ne jari. Mai tuwon sayarwa, tela, mai kitso, kowa da yatsunsa yake ci. Amma idan mace ta wayi gari yatsunta a kumbure, a sandare, ko zane ta kasa ɗaurawa sai rana ta ɗaga, sai a ce sanyi ne. A aika yaro kemis ya sayo maganin kashe zafi, a ci gaba da harka.

Wani lokacin, abin da ke damunta amosanin gaɓɓai ne, irin wanda likitoci ke kira rumatoyid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne.

Tushen ciwon yana cikin garkuwar jiki. Fararen ƙwayoyin jini, musamman nau'in B da T, dakaru ne masu farautar baƙin cuta. A wannan ciwo sai su rikice, su afka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, har ya kumbura ya fara cin guringuntsi da ƙashi. Rikicin yakan soma tun kafin a ji zafi. Akan ga alamarsa a jini shekaru kafin yatsa ya kumbura, ta gwajin da ake kira anti-CCP.

Me ke rikita dakarun? Gado yana ciki, shan taba ma haka. Masu bincike kuma suna zargin wani bairos mai suna Epstein-Barr, wanda aka gano a Landan a 1964 cikin samfurin ƙari da aka kai daga Yuganda. Ta yawu yake yaɗuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, kuma a cikin ƙwayoyin B yake ɓuya har iya rayuwa. An lura jinin masu amosani ya fi yawan wannan bairos, dakarunsu na T kuma ba sa iya taka masa birki sosai. Har yanzu dai zargi ne. Mafi yawan masu ɗauke da shi ba sa ciwon, kuma ba a ɗaukar amosani daga wani.

Maganin kashe zafi yana rufe ciwon ne kawai, yawan shansa kuma yana jawo gyambon ciki da lalata ƙoda. Magunguna irin su methotrexate, a hannun likita, su ke kwantar da dakarun kafin gaɓa ta karkace.

Tun ran gini ran zane. Duk wanda gaɓɓan hannuwansa biyu suka kumbura, suke sandarewa fiye da rabin awa da safe har makonni, ya je Babban Asibitin Suleja ko asibitin koyarwa na Gwagwalada a duba jininsa. Yatsan da ya riga ya karkace, da wuya ya miƙe.