Cikin tagwaye masu kama ɗaya: Abin da ya kamata ki sani tun kafin naƙuda

Uwargida, idan an yi miki hoton ciki aka ce ’yan biyu ne, akwai tambayar da ya kamata ki yi wa likita kafin ki fara lissafin kayan jarirai: mabiyiyarsu ɗaya ce ko biyu? Amsar ita ce za ta nuna irin kulawar da cikin yake buƙata.

Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai biyu ne suka haɗu da maniyyi daban-daban, kamar yawancin tagwayen da garin Igbo-Ora na Jihar Oyo ya yi suna da su. Akwai kuma masu kama ɗaya, inda ƙwai guda ya rabu gida biyu. Waɗannan jinsinsu ɗaya ne, ko dai Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina. A ko’ina a duniya, ana samun su kusan sau 3 zuwa 4 cikin haihuwa 1,000.

Kusan kashi biyu cikin uku na masu kama ɗaya suna tarayya a mabiyiya guda, kuma jijiyoyin jininsu a haɗe suke. A kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na irin wannan ciki, jini yakan riƙa kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya, sai wannan ya tsumbure, wancan kuma jini ya yi wa zuciyarsa yawa. Idan ba a gano da wuri ba, ana iya rasa duka biyun. Hoton da aka yi tsakanin mako na 11 da na 14 shi ya fi nuna yawan mabiyiya. Idan ɗaya ce, ana son a riƙa maimaita hoton duk bayan mako biyu daga mako na 16. Don haka ki fara awo da wuri, a asibitin da ke da likitan mata, da ɗakin tiyata, da sashen bakwaini.

Mai cikin tagwaye ta fi fuskantar ƙarancin jini da hawan jini. Ki riƙa shan magungunan ƙarin jini da aka ba ki. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska, zubar jini ko ruwa, ko ciki ya yi girma farat ɗaya har numfashi ya yi wuya, duk ba abin jiran wayewar gari ba ne.

Fiye da rabin tagwaye suna zuwa kafin mako na 37. Masu mabiyiya ɗaya, likitoci sukan so a haife su wajen mako na 36 zuwa 37. Ba kowane cikin tagwaye ake yi wa tiyata ba, amma haihuwa a gida kasada ce, saboda na biyu yana iya juyawa, kuma zubar jini bayan haihuwa ta fi yawa. Maigida, tanadin kuɗin asibiti, mota da wanda zai ba da jini ya fi ragon suna gaggawa.

Bayan an sauka lafiya, nononki zai iya isar su duka, domin yawan tsotso ne ke ƙara shi. Ki ba su nono zalla har wata 6. Idan ƙanana ne, ki riƙa ɗora su a ƙirjinki fata da fata, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Mahaifinsu ko kakarsu ma za su iya karɓar ɗaya.

Kada a cire ƙyallen shaidar da asibiti ya ɗaura musu sai kin ware wa kowa launin hularsa. Kowa da katin rigakafinsa, kuma ki rubuta wanda aka bai wa magani, don kada ɗaya ya sha sau biyu. Ki yi hankali da yawan kunun kanwa lokacin jego, domin gishirinsa yana ƙara wa zuciya nauyi. Ki nemi mai taya ki tun kafin haihuwa, musamman idan dangi suna nesa.

Allah Ya raba lafiya.