Me ya sa malami ke ɗaga murya a aji?

A makarantun firamare irin na Karaye, a ƙaramar hukumar Maiyama, tun daga bakin hanya ake jiyo muryar malami. Ba kullum fushi ne ke kawo hakan ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35, amma tun da dokar UBE ta 2004 ta mai da karatun farko kyauta kuma tilas, azuzuwa da yawa sun cika maƙil. Ga zafin rufin kwano, ga ajin maƙwabta na rera karatu.

Tsawa takan kashe surutu na ɗan lokaci, sai yara su saba da ita. Tsofaffin malamai kan yi shiru, su taka har gaban mai surutun su kira sunansa.